Uwata, kada ki jona wayar nan da sabuwar kwamfutarki tukuna

Nima, Accra

Assalamu alaikum Uwata,

Ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Jiya da kika ce kin sayi kwamfuta a Adum, can Kumasi, na yi murna ƙwarai, Allah ya sanya albarka. Amma maganar da kika jefa a ƙarshe, wai ranar Asabar za ki jona wayarki da ita ki zuba komai a ciki, ita ta hana ni barci. Idan na yi miki bayani da baki za ki ce "to Baba", hankalinki yana kan lacca. Shi ya sa na zauna bayan sallar Asuba na rubuta, ki karanta a natse kafin ki taɓa igiyar.

Kin san abin da ke cikin iPhone ɗin nan. Muryar Hajiya ce, wadda kika ci sunanta. Tatsuniyoyinta, waƙar dakanta, da labarin yadda kakanta ya biyo fataken goro daga Kano ta Salaga har ya yada zango a Kumasi. A kaset na ɗauke ta. Kasetocin suna shagona a Circle lokacin ambaliyar 3 ga Yuni 2015, daren da mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Ruwa ya cinye kasetocin. Sa'ar da muka yi, yayanki ya riga ya juya su a kwamfutarsa, daga can ne ya zuba miki su ta iTunes, manhajar Apple ta zuba waƙoƙi a waya. Bara kwamfutar tasa ta ƙone, kuma sakacinmu ne da ba mu ajiye su a wani wuri ba. Yau duk duniya babu inda muryar mahaifiyata ta rage sai cikin aljihunki.

Ga abin da mutane ba su gane ba. Daidaita waya da kwamfuta ba juye ba ne. A juye, kin ɗebi abu nan kin ajiye can, na nan yana nan. A daidaitawa kuwa, umarni kike bayarwa cewa a mai da wayar ta zama daidai da abin da ke rumbun waƙoƙin kwamfutar. Kamar ki ce wa yaro ya je ya gyara ɗakin can ya zama tamkar wannan. Idan wannan ɗakin babu ko tabarma, me zai yi? Zai kwashe kayan can ne ya fitar. Kwamfutarki sabuwa ce, rumbunta fayau yake.

Tun da Apple ya fito da iTunes da iPod a 2001 haka ya tsara abin: waƙa tana gangarowa daga kwamfuta zuwa na'ura, ba ta hawa. iPhone da ya zo a 2007 ya gaji wannan hali. Kuma rumbu ɗaya tak yake bi a lokaci guda. Wayarki har yanzu tana ganin kwamfutar yayanki ce uwar ɗakinta. Da kin nemi daidaita waƙoƙi da taki, saƙo zai fito cewa wayar tana haɗe da wani rumbu, ya ba ki maɓalli mai rubutun Erase and Sync. Ma'anarsa goge sannan a daidaita. Uwata, kada yatsanki ya kusanci wurin. Danna na fasawa.

Ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya wani dattijo ya kawo mini wayarsa shago in ƙara masa karatu kaɗan. Akwai cunkoso, ban tsaya na karanta saƙon ba, na danna. Tafsirin azumi na shekaru da ya tara, wanda ɗansa ya zuba masa kafin ya tafi Jamus, ya tafi cikin ƙiftawar ido. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce "Allah ya ƙaddara", ya karɓi wayarsa ya fita. Har yau idan na gan shi a masallaci nauyinsa nake ji.

To, ga yadda za ki yi. Kafin ki soka igiya, buɗe iTunes ɗin, shiga saitinsa wajen na'urori, akwai wurin da ake hana waya daidaita kanta da zarar an jona ta. Sa alama a nan. Idan sabuwar manhajar Apple Devices ce a kwamfutar, wadda ta karɓi wannan aikin a Windows, ki duba kada zaɓin daidaitawa da kai ya kasance a kunne. A kwamfutocin Mac tun 2019 aka cire iTunes, aikin ya koma cikin Finder, manhajar duba fayiloli, amma halin bai sauya ba. Wayar za ta tambaye ki ko kin amince da wannan kwamfuta. Wannan ba ya goge komai, ki amince.

Sai hotuna da bidiyon da kika ɗauka da kanki. Su suna da sauƙi, kwamfuta tana ganin su kamar na kyamara, a jakar DCIM. Ki kwafa, kada ki yanke. Idan wuta ta ɗauke ko igiya ta motsa ana tsakiyar aiki, mai kwafa bai yi asarar komai ba. Ki buɗe wasu a kwamfutar ki gani da idonki, musamman bidiyon bikin yayarki. Ki kuma yi aikin da igiya mai kyau, don wasu na bakin titi caji kawai suke yi.

Bayan haka ki yi wa wayar kwafin ajiya a kwamfutar, shi ma ba ya goge komai. Idan kin sa masa kalmar sirri ki rubuta ta a bayan littafinki, don in kin manta babu mai buɗe miki wannan kwafin. Amma a nan ne tarkon yake, ki saurare ni da kyau. Kwafin ajiyar yana ɗaukar saƙonni da saiti da makamantansu, ba ya ɗaukar waƙoƙin da aka zuba daga kwamfuta, don a ganinsu asalin yana can a rumbu. Haka nan zaɓin dawo da kayan saye, abin da aka saya a shagon Apple kaɗai yake dawowa da shi. Muryar Hajiya ba a shago aka saye ta ba. Za ki iya yin duk waɗannan, ki ga an rubuta an kammala, hankalinki ya kwanta, alhali ita ba ta ciki.

Fito da ita sai da manhaja ta daban, irin wadda muke aiki da ita a shago, mai jawo waƙa daga waya zuwa kwamfuta. A intanet akwai na ƙwarai, akwai masu ɗauke da cuta, kuma ba na son ki koyi bambancewa a kan wannan amanar. Ban kuma yarda ki miƙa wayar da lambar buɗe ta ga wani yaro a kasuwar Kejetia ki tafi ki dawo ba. Akwai masu gaskiya a can, na san da yawa, amma mai gaggawa ko yana da gaskiya yana iya yin abin da na yi wa dattijon nan. Ki bari sai kin zo hutu. Mu zauna tare in fito da su, mu saurara ɗaya bayan ɗaya mu tabbatar sun buɗe, mu zuba a rumbun kwamfutarki. A ranar ki daidaita yadda kike so, don abin da za a goge shi ne za a mayar.

Na san za ki ce ai akwai iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet. Gigabait 5 suke bayarwa kyauta, Google kuma 15 ne da Gmail da Drive da hotuna suke rabawa. Bidiyon biki ɗaya ya isa ya ci rabin na farkon. Kuma hotunan iCloud su ma daidaitawa ce: kin goge a waya don samun wuri, ya gogu ko'ina. Kwana 30 yake yi a kwandon shara, daga nan shi ke nan. Ni abin da na yarda da shi, abu mai daraja ya zauna wuri uku: kwamfutarki, filas da za mu ba Mamanki ta sa a akwatinta, da ɗaya a intanet. Zan kuma tura wa baffanki na Aboabo nasa, ya daɗe yana tambaya.

Kafin hutun, kada ki sake saita wayar ko da ta yi nauyi, kada ki goge manhajar waƙoƙin, kada kuma ki ba da ita musaya ko an yi miki tayi mai daɗi. Idan batirin yana ba ki wahala, gaya mini in aiko miki da ƙaramar waya ki riƙa kira da ita.

Mamanki ta soya miki shito, za ta ba direban da ya saba kai miki saƙo ranar Juma'a, har da gari. Idan kin gama karantawa ki kira ni bayan Isha'i, ina so in ji daga bakinki cewa kin gane maganar maɓallin nan.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Babanki