Kafin ku cinna wa kundin kakanni ashana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni fili in faɗi abin da ya faru gidanmu nan Tawa, don wlh har yanzu raina bai huce ba. Ɗan yayana da ke lisé, yaro mai natsuwa, ya ga wani bidiyo a WhatsApp ana nuna tauraro mai tsini shida da wani zane mai da'irori, ana cewa duk inda ka gansu aikin Yahudawa ne da ƴan asirin Turawa, sai ya buɗe akwatin marigayi babanmu ya zaro duk takarda mai hatimi ya ƙona bayan ɗaki. Na iske toka da gefen gafaka ya babbake, warƙa uku kaɗai na tsamo. Na ce kai yaro ka san abin da ka ƙona? Ya ce Baba ai kayan Yahudu ne.

Hukuncin laya da hatimi na malamai ne, su za su yanke. Tarihi nake so a gyara, don an haɗa abubuwa daban daban an dama wa yara.

Zanen nan mai da'irori na Yahudawa ne, gaskiya, daga ilimin ɓoye nasu da ake kira Kabbala, suna ce masa Bishiyar Rayuwa. Da'ira 10 ce, sefirot, wato siffofin da suke ganin ta nan Ubangiji ke bayyana ga halitta, da layuka 22 daidai yawan haruffan Ibrananci. Ta sama Keter, kambi kenan, akwai Hokma wadda tushenta ɗaya da hikima, ta ƙasa kuma Malkut, dangin mulki. Babban littafin Kabbala, Zohar, ya fito a Sifaniya ƙarshen ƙarni na 13. Daga baya Turawa suka ara, wani fada mai suna Athanasius Kircher ya buga nasa zanen a 1652, sannan ƙungiyar asiri ta Golden Dawn da aka kafa a Landan 1888 ta liƙa masa katunan duba. Wannan shi ke yawo a bidiyo.

To hatimin babanmu fa? Gida tara ne, uku uku, lamba 1 zuwa 9, ka haɗa a tsaye ko a kwance ko a karkace 15 za ka samu, kusurwoyi huɗu 2, 4, 6, 8 wanda a lissafin abjadi, inda kowane harafin Larabci ke da lambarsa, su ne haruffan kalmar buduhu. Mutanen Sin sun san shi tun da daɗewa, malaman Larabawa irin su al-Buni suka zurfafa a kai tun ƙarni na 13, kafin Agrippa na Jamus ya buga irinsa a 1533 yana raba wa taurari. Kuma abin da ya fi ci min rai, namu na gida, Muhammad al-Kashnawi Bafulatanin Katsina, ya rubuta littafi kan yadda ake tsara waɗannan gidaje a 1732, ya rasu Alƙahira 1741, yau masana lissafi na duniya na ambatonsa, jikokinsa kuma na ƙona irin aikinsa.

Tauraron nan mai tsini shida ma Hatimin Sulaimanu Musulmi ke ce masa tun kafin ya hau tutar Isra'ila a 1948, tsofaffin da suka yi fatauci Kano sun san shi jikin kobo mai huji.

Roƙona ku ware shafi ku gayyato masana su yi bayani da Hausa. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da kundin gidansu ba, akwai sashen tsofaffin rubuce-rubuce na cibiyar bincike ta IRSH a jami'ar Abdou Moumouni, Yamai, ya kai can. Warƙoƙin nan uku na naɗe su cikin leda, in Allah ya kai mu bayan girbi da kaina zan kai su.

Naku mai karatu,
daga Tawa