Barka da Sallah daga Istanbul

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna da duk mutanen gida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadarmu da layyarmu, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Baba, ina fata ciwon gwiwar ya lafa har an samu zuwa filin idi. Inna, sannu da fama da suya, na san yau ba zama. Ni ina nan lafiya lau, karatu yana tafiya daidai, sai dai kewar gida da ba ta rabuwa da mutum a rana irin ta yau.

Na yi sallar idi a masallacin Sulaimaniya, wanda babban maginin daular Usmaniyya, Sinan, ya kammala a 1557. A nan cikin masallatai ake yin idi, jim kaɗan bayan fitowar rana, don haka da sassafe na fita. Kwana huɗu suke bikin, suna kiransa Kurban Bayramı. Baba zai so jin wannan: yawancinsu Hanafawa ne, layya a wurinsu wajibi ce ga mai hali. Amma ba a yanka a ƙofar gida kamar yadda muke yi. Hukumar gari ta ware wuraren yanka, kuma mutum bakwai sukan haɗa kuɗi su sayi saniya ɗaya. Wasu kuma ƙungiyoyin agaji suke wakiltawa, a yanka musu a ƙasashe irin su Nijar da Chadi a raba wa mabuƙata. Babu hawan doki, babu algaita, gari ya yi tsit domin mutane da yawa sun tafi garuruwansu.

Daga masallaci gidan wani abokina na wuce. Tun daga bakin ƙofa mahaifiyarsa ta zuba mini turaren lemun tsami a tafin hannu, ta miƙo alewa. Al'adarsu ce yaro ya sumbaci hannun babba ya ɗora a goshinsa, ni ma haka na yi mata. Ta dafa naman layya da kitsensa, suna ce masa kavurma, ta yi ta ƙara mini tana cewa ɗalibi ba ya ƙoshi.

Wannan abokin nawa nake so in ba ku labarinsa, domin ya shafi maganar da ta sa na zauna rubuta doguwar wasiƙa maimakon kiran waya. Mun yi yarjejeniya da shi: ni ina taya shi Turanci, shi yana gyara mini Turkanci. Yana shirin wata jarrabawar harshen waje da ake kira YDS, mai tambayoyi 80 cikin minti 180, wadda ake nema a wurin mai son yin digiri na gaba. Kowane mako yakan zo da takarda cike da kalmomi, jigo ɗaya a kowace takarda. Ta makon jiya kalmomin jaruntaka da ƙalubale ce. Inda Bature ya ce courage, su cesaret suke cewa, a furta harafin farko kamar ja. Jarumi kuma cesur ko yiğit. Kalmar challenge kuwa gida biyu suka raba ta: wahalar da ta tari mutum zorluk ce, amma idan kai ne ka fito fili kana kiran abokin karawa, sai su ce meydan okumak. Akwai dayanmak, jurewa, da vazgeçmemek, ƙin saduda. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, yana haɗa jimla da kowace.

Da muka zo kan jurewa, jimlar da ya haɗa a kan mahaifiyarsa ce, daga nan kuma takardar ta koma gefe. Su mutanen Antakya ne, a lardin Hatay. Kun tuna girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023, wadda Inna ta yi ta kira hankali a tashe? Da ƙarfe 4:17 na asuba ta auku, mai ƙarfin maki 7.8, wata babba ta biyo baya da rana, larduna 11 suka girgiza, mutum fiye da 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai. Mahaifinsa da wansa suna cikinsu. Mahaifiyar ta yi zama a tanti cikin tsananin sanyi, daga baya a gidan kwantena, kafin ya samu ya ɗauko ta zuwa nan. Yanzu ɗinki take yi a wani ƙaramin shago, shi kuma da rana karatu, da dare aiki a gidan burodi. Wannan matar ce yau ta tarbe ni da fara'a, ta tambaye ni lafiyar Inna, ta ce in isar da gaisuwarta. Na isar, Inna. A sa su a addu'a.

To, Baba, ga maganar. Auta ya turo mini saƙo cewa wani dillali ya yi masa alkawarin biza da aiki a nan, har ana zancen sayar da filin bayan gari. Ya ce mini namiji ba ya tsoron hanya, kuma wanda bai fita ba bai samu ba. Na san zuciyarsa, na san zaman jiran ya ishe shi, ban kuma raina ƙwazonsa ba. Amma ina roƙonku da girman Allah kada a sayar da filin nan.

Ina ganin waɗanda suka shigo ta wannan hanyar da idona, a unguwannin Aksaray da Laleli, inda 'yan kasuwarmu suke sarin kaya. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba mutum damar aiki. Idan ta ƙare babu katin zama, wanda suke kira ikamet, shi ke nan mutum ya zama ɓoyayye: yana dakon kaya ko guga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, idan an hana shi haƙƙinsa ba inda zai kai ƙara, idan ya ga 'yan sanda suna duba takardu a bakin tashar jirgin ƙasa sai ya sauya hanya. Wanda aka kama, wurin tsarewa ake kai shi kafin a mayar da shi gida. Ga tsadar rayuwa. A Oktoban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin 100 a lissafin hukuma, kuma kuɗin hayar ɗaki bai sauko ba har yau. Samari ne masu ƙarfi da zuciya, babu rago a cikinsu, amma an yaudare su, kunya kuma ta hana su faɗa wa gida gaskiya.

Auta, kai nake wa magana yanzu. Akwai ƙofa, ta ita na shigo. Gwamnatin Turkiyya tana buɗe neman tallafin karatu na Türkiye Bursları daga Janairu zuwa Fabrairu, ta intanet, ba a biyan ko sisi, ba a kuma buƙatar dillali. Mai neman digirin farko ya kasance bai kai shekara 21 ba, da sakamako aƙalla kashi 70, likitanci kuwa kashi 90. Wanda aka ɗauka ana biya masa kuɗin makaranta da wurin kwana da inshorar lafiya da tikitin jirgi, ga ɗan abin kashewa duk wata. Masu nema suna da yawa ƙwarai, ba zan ce maka tabbas ne ba, amma takardunka suna da kyau kuma shekarunka ba su wuce ba.

Shekarar farko gaba ɗaya ta koyon harshe ce, a nan ne kuma za ka buƙaci wannan zuciyar taka. Tun 1928 suka koma rubutu da haruffan boko, guda 29, don haka karantawa ba za ta ba ka wuya ba. Wuyar tana wajen magana: aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kuma suna jera ɗafe-ɗafe a bayan kalma har ta yi tsawo kamar ayarin raƙuma. Sauƙin da Bahaushe yake samu shi ne kalmomin Larabci da muka yi tarayya da su: dünya, zaman, niyet, sebep, haber. Ka fara tun yanzu. Zan riƙa turo maka hoton takardun da muke yi da abokina, ka ci riba biyu, Turancinka ya ƙaru, Turkanci ya fara shiga kunnenka. Ka kuma nemi fasfo da wuri, ka tattara sakamakon jarrabawarka wuri ɗaya, idan lokaci ya yi tare za mu cike komai.

Na turo ɗan abin da ya sawwaƙa ta hannun Yaya, a ba yara goron Sallah, ragowar a saya wa Baba magani. A gaishe mini da Gwaggo da Kawu da liman da duk maƙwabta. Gobe bayan la'asar ɗinku zan kira, nan muna gabanku da awa biyu. Baba, don Allah a sa Auta ya kasance a kusa, ina so mu yi maganar nan mu uku kafin dillalin ya sake dawowa.

Wassalam.

Ɗanku mai ƙaunarku,
daga Istanbul.