Saiwar ce ke ɗauke da ke

'Yata,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya, sai ƙafar mamanki da sanyin nan ya ɗan tayar, amma da sauƙi. Mun sami labarin an ba ki jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki a zumuntar ɗalibai. Mamanki har guɗa ta yi. Allah ya taya ki riƙo.

Bayan haka, akwai maganar da kika yi ranar Kirsimeti muna cin abinci. Ƙaninki ya tambaye ki wani abu a Littafin Firistoci, kika ce ya daina wahalar da kansa, Tsohon Alkawari na Yahudawa ne, mu 'yan alheri ne. Ban so in tanka miki a gaban ƙannenki ba, kuma na san a bakin wani mai wa'azi kika tsince ta. Amma tun ranar take cina a rai. Yanzu da za ki riƙa tsayawa gaban 'ya'yan mutane kina buɗe musu Littafi, bai kamata in yi shiru ba.

Kin tuna mangwaron bayan madafa? Kina aji uku na firamare na yi masa aure, ke kika riƙe mini ledar. Gindin na gargajiya ne, mai zare, da kansa ya tsiro daga ƙwallon da wani ya yar. Na samo reshe mai kyau, na fiƙe shi gefe biyu kamar bakin gatari, na tsaga kan gindin, na cusa, muka naɗe shi tam don kada ruwa ya shiga. Mako uku ina leƙa shi kowace safiya kafin ya tofo. Yau duk wanda ya sha mangwaron nan reshen yake yabawa. To, a sare gindin mana, kwana nawa reshen zai yi?

Da wannan misalin manzo Bulus ya yi wa masu bi na Roma magana a Romawa sura 11, sai dai shi da zaitun ya yi. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne ya juya misalin. Mu masu lambu reshe mai daraja muke ɗorawa a kan gindin da ba a damu da shi ba. Bulus ya ce Allah reshen jeji ya ɗauko ya ɗaura a jikin itacen gida, kuma a aya ta 24 shi da kansa ya ce wannan ya saɓa wa yadda aka saba. Itacen gidan Isra'ila ne, reshen jejin kuwa mu ne. Kakana baƙin bunsuru yake yanka wa iskoki a gindin tsamiya, bai taɓa jin sunan Ishaku ba, ga shi ke sunan matar Ishaku muka raɗa miki. Aya ta 18 ta ce kada reshe ya yi fahariya, domin ba shi ke ɗauke da saiwa ba, saiwar ce ke ɗauke da shi.

Ki dubi Ubangiji kansa. Bayahude ne, an yi masa kaciya rana ta takwas, yana shekara 12 ya hau Urushalima Idin Ƙetarewa tare da iyayensa. Luka ya ce al'adarsa ce shiga majami'a ranar Asabar, a can Nazarat aka miƙa masa littafin annabi Ishaya ya karanta sura ta 61. Da Shaiɗan ya gwada shi a jeji, amsoshinsa uku duka daga Maimaitawar Shari'a suka fito, wadda a tsohon Littafin kakarki, fassarar 1932 ta su Likita Mila, ake kira Kubawar Shari'a. Da aka tambaye shi doka mafi girma, bai ƙirƙiro sabuwa ba. Ya ɗauko addu'ar da Bayahude mai ibada ke yi safe da yamma, ta ƙaunar Allah da dukan zuciya, ya haɗa da ƙaunar maƙwabci. Kin san inda ta biyun take? Littafin Firistoci 19:18, littafin da kika ce ƙaninki ya ajiye. Ko matar nan mai zubar jini, gezar mayafinsa ta taɓa, gezar da Littafin Ƙidaya sura 15 ya umarci Isra'ilawa su sa a tufafinsu. Jibin Ubangiji da muke ci, a teburin Idin Ƙetarewa aka kafa shi, kuma a kan gicciye da Zabura 22 ya yi kuka. Sa'ad da Bulus ya tuna wa Timoti Littattafai masu tsarki da ya sani tun yana jariri, Sabon Alkawari bai haɗu ba tukuna, Attaura da Annabawa da Zabura yake nufi.

Maganar mai wa'azinku ba sabuwa ba ce. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Markiyon, ya kawo ta Roma a ƙarni na biyu. Ya ce Allahn Yahudawa dabam, Uban Yesu dabam, ya zubar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya riƙe Luka da ya yi wa aski da wasiƙun Bulus goma. Ikkilisiya ta fitar da shi a shekara ta 144. Littattafai 39 cikin 66 ake so ki jingine, kusan kashi uku cikin huɗu na shafukan da ke hannunki.

Amma ba jinginewa ce kaɗai hanyar ɓata Tsohon Alkawari ba. Akwai tsintar aya, kamar yadda kaza ke tsintar tsaba, kuma ni ma na yi ta shekaru. Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin alherin da yake yi mana, na manna ta a ƙofar shagona, a raina kuwa ciniki nake nufi. Shekarar da aka yi rikici aka ƙona shagon, kina goye. Washegari na tsaya a cikin toka, kanta ya zama gawayi, kwanon rufi ya lanƙwashe, ina tambayar Allah ina shirin alherin. Dangi suka ce mu tattara mu bar garin. A daren nan, da fitilar ƙwai, na fara karanta surar daga farkonta, abin da ban taɓa yi ba.

Ashe wasiƙa ce. Irmiya ya aika ta daga Urushalima zuwa ga waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila tare da sarki Yekoniya, shekara 597 kafin haihuwar Almasihu. A sura ta 28 wani annabi, Hananiya, yana ta shelar cewa cikin shekara biyu komai zai dawo daidai. Irmiya ya ce shekara 70 ce. Ki lissafa: yawancin waɗanda aka karanta wa wasiƙar a Babila aka binne su. Abin da aka ce su yi kafin nan shi ne su gina gidaje, su dasa lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana cikin lafiyarsa. Birnin waɗanda suka kwashe su ke nan fa. Ban yi barci ba sai asuba. Ayar ta fi yadda na ɗauke ta nauyi, kuma a ranar ne ta fara yi mini amfani. Muka zauna. Maƙwabcinmu Musulmi, wanda kike kira Baba Malam, shi ya ara mini kuɗin kwanon rufi. Mangwaron da na ba ki labari, bayan wannan ne na yi masa aure.

Don haka duk ayar da za ki koyar, ki fara tambaya: wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, suna cikin wane hali? Ki karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, ko da zai ci miki lokacin barci. Sa'an nan ki tambayi yadda ta kai ga Almasihu, kamar yadda ya yi wa mutum biyun nan a hanyar Imuwasu, ya faro daga Musa ya bi ta annabawa. Sai a ƙarshe ki zo kan abin da take ce wa ɗalibar da ba ta da kuɗin makaranta.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Kwanaki wani da ya dawo ziyarar Urushalima ya zo mana da ƙahon rago, da mayafin addu'a mai geza, da ruwan Kogin Urdun a 'yan kwalabe, yana cewa addu'ar da aka yi a lulluɓe ta fi saurin karɓuwa, kuma kowanne da farashinsa. Wannan kasuwa ce. Manzanni sun zauna kan batun a Urushalima, Ayyukan Manzanni sura 15, suka yanke cewa ba sai mutumin Al'ummai, wato wanda ba Bayahude ba, ya zama Bayahude kafin ya bi Almasihu ba. Reshen mangwaron nan bai koma gindi ba, ruwan gindin kawai yake sha. Haka kuma kada ki ɗauki kowace aya mai sunan Isra'ila ki ɗora kan labaran rediyo na ƙasar da aka kafa a 1948. A Baitalami akwai Kiristoci Falasɗinawa da ke karanta Zaburar da kike karantawa.

Abu na ƙarshe ya fi yi mini ciwo. A garin nan idan ana so a zagi mutum da mugunta ko maƙo, sai a ce masa Bayahude, kuma na ji masu bi suna faɗa. Kada ya fito daga bakinki. Idan kin zo koyar da makon shan wahala, ki tuna Bilatus gwamnan Roma ne ya ba da umarni, gicciye kuma hukuncin Romawa ne. Maryamu, Bitrus, Yahaya, matan da suka je kabari da asuba, duk Yahudawa ne. Ko Farisiyawa, masu tsananta bin Shari'a da suka yi ta jayayya da Yesu, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: akwai Nikodimu, akwai Gamaliyel, akwai waɗanda suka gargaɗi Yesu cewa Hirudus na neman ransa. A Turai an yi ɗaruruwan shekaru ana wa'azin cewa Yahudawa ne suka kashe Allah. Martin Luther kansa, wanda muke girmamawa, ya rubuta munanan kalmomi a kansu a 1543. A ƙasar da aka shuka wannan ne Hitila ya sami masu taya shi, aka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. Sai a 1965 cocin Katolika ta fito fili ta ce ba za a ɗora alhakin mutuwar Almasihu a kan dukan Yahudawa ba, na dā ko na yanzu. Mutanen da suka yi wancan wa'azin suna riƙe da Littafi irin naki, kuma suna ganin daidai suke karantawa.

Kafin ki fara darasin farko, ki zauna ki karanta Romawa 9 zuwa 11 a zama ɗaya, ki rubuto mini abin da ya ɗaure miki kai. Na cire Littafin kakarki daga akwati, na naɗe shi a zane, bangonsa ya sake, sai ki riƙa buɗe shi a hankali. Zan ba direban da ke kawo miki saƙo ranar Juma'a, tare da yaji da daddawar da mamanki ta haɗa. Ƙaninki yana nan yana jiran amsar tambayarsa, na ce masa ke za ki ba shi idan kin zo hutun Ista.

Ki gaida abokan zamanki. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne,
Babanki