Sanarwa kan tattaunawar ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗaliban sashen kifi, da fatan kowa lafiya.

Ranar Asabar bayan sallar Isha'i za mu yi tattaunawarmu a nan gurup insha Allahu, kan aikin Farfesa Arthur Hasler na Jami'ar Wisconsin a Amurka. Shi da ɗalibinsa Warren Wisby ne a 1951 suka kawo ra'ayin cewa kifin salmon da ƙamshin ruwa yake gane rafin da aka ƙyanƙyashe shi, ya yi shekaru a teku amma ya dawo nan ɗin ya yi ƙwai. Daga baya Hasler da wasu abokan aikinsa suka gwada a tafkin Michigan, aka ɗiga sinadarin morpholine a ruwan ƙananan kifi, da suka girma sai ga su sun nufi rafin da aka zuba shi, abin mamaki wallahi. Masu sakin kifi cikin rafuka har yau suna amfani da wannan ilimi.

Don Allah kowa ya karanta takardar da na tura kafin Juma'a, ya zo da tambaya ɗaya. Ranar kar a turo wani abu daban har mu gama. Wanda ba shi da data ya yi min magana tun yanzu.

Allah ya ba mu sa'a, na gode.