Tsadar abinci: a dubi hanyar da ke tsakanin gona da kasuwa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan tsadar abinci, a matsayina na mai sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas.

Duk lokacin da aka tashi maganar wadata ƙasa da abinci, hankalin hukumomi kan tafi ne ga raba taki da iri da taraktoci, kuma babu mai musun amfaninsu. Amma mu da muke sauke kaya kullum mun san cewa kaso mai yawa na kuɗin da mai saye yake biya a Legas ba ya isa hannun manomin Kadawa ko Danja ko Aliero, a hanya yake narkewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, injin ban ruwa na mai noman rani shi ma ya zama abin da ake kunnawa da lissafi. Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a Yulin 2023, duk da haka zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Motar tumatir tana cin tafiyar kusan kilomita dubu daga Kano zuwa nan, kuma a kowane shinge sai direba ya tsaya, wani na bincike ne, wani na masu karɓar haraji da sunan jiha ko ƙaramar hukuma. Kowace tsayawa kuɗi ce, kuma zafi ne a kan kayan da ba sa jira. Idan aka sauke kwanduna da asuba, na sama jajawur ne, na ƙasa kuwa nauyi ya latse su, ruwansu yana tsiyaya ta gindin kwando, dole a ware su a sayar a wulaƙance. Wannan asarar, manomi da mai saye ne suke raba ta tsakaninsu. Akwatunan roba suna rage ta ƙwarai, sai dai ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da jarin sayensu, balle kuɗin mayar da su Arewa babu komai a ciki.

Wanda ke shakkar muhimmancin hanya ya tuna farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu. Cikin 'yan kwanaki farashi ya gagari talaka a Legas, alhali tumatir yana ruɓewa a gonakin Arewa don rashin mai saye.

Ban manta da matsalar tsaro ba, domin manomin Zamfara ko Katsina da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa ba zai faɗaɗa noma ba. Haka kuma ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Maputo, babban birnin Mozambique, a 2003 cewa za su ware kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga noma, Najeriya kuwa har yau tana nesa da cika shi.

Kirana ga Gwamnatin Tarayya da gwamnonin jihohin da motocin abinci ke ratsawa shi ne su haɗa harajin hanya ya zama guda ɗaya, a biya shi a wurin lodi da rasit, a rushe sauran shingayen. A gina ɗakunan sanyi masu amfani da hasken rana a manyan wuraren noman rani, a bai wa ƙungiyoyin 'yan gwari rancen akwatunan roba, sannan a ware taragai na kayan gona a jirgin ƙasa tsakanin Kano da Legas.

Naku,
Wani ɗan kasuwar gwari,
Mile 12, Legas.