Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin gidan abincin da ya liƙa mana "halal" a ƙofa

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni tela ne, shagona yana Aboabo a nan Kumasi, kuma ina cikin mutanen zango da suka san hanyar gidan abincinku saboda tallar buɗa-baki da kuka yi ta yi mana a azumin 2025. Na so a ce maganar nan ta tsaya tsakanina da ku. Na bar wa manajan reshenku lambata, na kuma rubuta ta WhatsApp a lambar da ke ƙasan rasit, amma abin da ya dawo min shi ne saƙon nan da na'ura ke tura wa kowa cewa kun gode da ciniki. Shi ya sa na fito da ita fili. Ba zan kama sunan kamfani ko na reshe ba, don na san yadda ake yi. Idan magana ta yi zafi, yarinyar da ta kawo faranti ce za ta rasa aikinta, waɗanda suka tsara abin kuma suna zaune a ofis a Akra suna shan iska.

Ƙorafina a kan rubutu biyu ne da kuka kafa da hannunku, ɗaya a gilashin ƙofa, ɗaya a allon farashi. Babu wanda ya yi daidai da abin da na tarar a ciki. Na ƙofar ya fi min nauyi, da shi zan fara.

Bayan Babbar Sallah kawuna ya dawo daga aikin Hajji, na ce bari in fitar da shi da uwargida da yara mu ci wani abu a waje. Shi ba mutumin gidajen abinci irin naku ba ne, tuwon zafinsa na gida da miyar ayoyo sun ishe shi, don yaran ya yarda. Da muka zo ƙofa ya tsaya ya karanta koriyar takardar da kuka manna, an rubuta halal da Larabci da boko, ya ce, "To madalla, mu shiga." Muka nemi shinkafa dafa-duka da kaza, yara kuma soyayyen dankali.

Kicin ɗinku a buɗe yake, daga teburinmu ana hango wurin suya. Kawu tsohon mahauci ne, ya daɗe yana aiki a mayankar Kaase kafin gwiwa ta zaunar da shi, idonsa ba ya wuce nama bai duba ba. Yana kallo yaron da ke suya ya ɗago kwandon ƙarfen daga cikin mai, ya girgiza shi, ya juye sosej a tire, bai ajiye kwandon ba ya cika shi da dankali ya mayar cikin man. Da abin kamu ɗaya yake ɗaukar sosej ɗin da cinyoyin kaza. Kawu ya yafito yarinyar da ke hidima, ya tambaye ta da Twi, wanda ya fi ni iyawa tunda a garin nan aka haife shi: "'Yata, wancan sosej ɗin naman me ne?" Ta ce, "Alhaji, bari in tambayo." Ta dawo tana sunkuyar da kai ta ce wani na kaza ne, wani na alade, ya danganta da wanda mota ta kawo. Ya ce man fa? Ta ce man ɗaya ne.

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, da ta ga dama ta ce duk na kaza ne mu ci gaba da ci. Da aka kira manaja, bayaninsa shi ne takardar ƙofa ta shafi kaza kawai. Kawu ya ce to ita kazar a ina aka yanka ta. Ya ce a kwali take zuwa. Muka ce a nuna mana kwalin, ya ce dokar kamfani ta hana mai ciniki ganin kayan sito. Kawu ya ture farantinsa gefe, bai ɗaga murya ba, ya ce min, "Ɗana, biya su mu tafi." A lokacin yarana sun riga sun cinye rabin dankalin.

Ina so ku fahimci abin da muke nema, don kada wani ya ce mutanen zango sun zo da tsattsauran ra'ayi. Ba mu ce ku daina sayar da alade ba. Kumasi garin kowa ne, maƙwabtanmu Asantawa suna cin abinsu muna cin namu, mun zauna haka tun zamanin kakanninmu da suka zo fataucin goro, ba wanda ya leƙa tukunyar wani. Akwai gidajen fufu da yawa da ba na shiga, ban taɓa rubuta musu wasiƙa ba, domin ba su yi min alkawarin komai ba. Ku kuka yi. Wanda ya rubuta halal a ƙofarsa ya ɗauki nauyin nama da mai da wuƙa da katakon yanka da abin kamu, ba nauyin cinyar kaza kaɗai ba. Kan yankan ma'abota Littafi malamai suna da maganganu, wannan tsakaninmu da malamanmu ne, kowa ya san wanda yake bi. Amma man da aka soya alade a ciki, yaron makarantar allo ma zai ba ku amsa.

Maganar kwali kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Kowa ya san yawancin kazar da ake ci a Gana daskararriya ce daga waje, daga Brazil da Amurka da ƙasashen Turai, ta tashar jirgin ruwa ta Tema take shigowa. Mu ma ita muke saya a shagunan kayan sanyi na Asafo, kuma mun iya juya kwali mu nemi tambarin hukumar da ta shaida yankan, don akwai masu ɗauke da shi, akwai marasa shi. Idan taku tana da shi, me zai hana ku ɗauki hotonsa ku rataye kusa da kanta? Idan ba ta da shi, da wane dalili kuka buga koriyar takarda? Wa ya ba ku ita? Ba ta ɗauke da sunan wata hukuma, ba sa hannu, ba kwanan wata. Duk mai injin buga takarda a Adum zai yi muku irinta kafin a kira la'asar.

Na san abin da ya ja ku. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kashi 19.9 cikin 100 na mutanen ƙasar nan, a Kumasi kuwa daga Asawase zuwa Aboabo, Sabon Zango, Alabar, har Tafo, kasuwa ce babba. Da azumi kun yi mana fosta da jinjirin wata da fitila, kun sa dabino uku a ƙaramin faranti. Mun ji daɗi, mun zo da iyalanmu, ko da yake babu inda mutum zai shimfiɗa darduma ya yi magariba sai gefen wurin ajiye motoci. Wannan ban riƙe ku da shi ba, gidan abinci ba masallaci ba ne. Abin da nake tambayar kaina tun ranar shi ne, dankalin da muka buɗe baki da shi a watan Maris, a wane mai aka soya shi?

Sai rubutu na biyu. Na lissafa kuɗin abincinmu daga allon da ke saman kanta kafin in ce a kawo, kamar yadda duk mai iyali yake yi, na taɓa aljihu na ga zai isa. Da rasit ya fito sai ga jerin ƙari a ƙasa: harajin inshorar lafiya kashi 2.5, na asusun ilimi na GETFund kashi 2.5, na korona kashi 1 da aka sa a 2021 ake kuma karɓa a lokacin, harajin VAT kashi 15 da a lokacin ake ɗorawa a kan jimillar waɗancan, ga na yawon buɗe ido kashi 1. Idan aka haɗa, abin ya haura kashi 20 cikin 100 a kan abin da allo ya nuna. Ban ce ku kuka ƙirƙiro su ba, na gwamnati ne, kuma za ta karɓa ko kun so ko kun ƙi. Amma kun san da su tun kafin ku rubuta allon. Hajiyar da ke sayar da waakye a bakin titinmu, idan ta ce sidi kaza ne da ƙwai da taliya da shito, sidi kaza ɗin za ka miƙa. Ku da kuke da akawu da kwamfuta kun kasa rubuta farashin da mutum zai biya? An nuna min wani ɗan layi a can ƙasan allon cewa farashi bai haɗa da haraji ba. Sai da na cire tabarau na matsa kusa na iya karanta shi, ni da nake zura zare a allura. Wannan cinikin biri a sama ne.

Ƙasa da harajin akwai wani layi na kuɗin hidima. Wannan ba na gwamnati ba ne, naku ne. Na tambayi yarinyar a hankali ko yana isa hannunsu, ta yi murmushi kawai ta kwashe faranti. Mafi ƙarancin ladan yini a ƙasar nan a 2025 sidi 19.97 ne, bai sayi rabin farantin shinkafarku ba. Idan kuɗin hidimar na ma'aikata ne, ku rubuta haka, zan biya da daɗin rai har in ƙara. Idan aljihun kamfani yake shiga, ku zuba shi cikin farashin abinci ku daina sa masa sunan yaran mutane.

Da kuɗin hannuna suka gaza na ce zan cika da MoMo, wato kuɗin waya. Mai karɓar kuɗi ya ce lambar kamfani ba ta aiki, in tura ta wata lamba ta mutum, in kuma ɗora kuɗin cirewa. Gwamnati ta soke harajin tura kuɗi ta waya tun watan Afrilun 2025, mun yi murna an sauke mana kaya, sai ga shi a kantarku an sake ɗora mana wani. Kuɗin da zai cire a wurin wakili matsalarku ce da kamfanin waya, ba tawa ba. Wannan ƙarin kuwa bai fito a rasit ba, ku bincika ku ga inda yake tafiya.

A kan farashin kansa ba zan tsawaita ba. Lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disambar 2022 kowa ya ƙara kuɗi, ni ma na ƙara na ɗinki, ba wanda ya ga laifin wani. Amma a 2025 sidi ta farfaɗo, dalar da ta haura sidi 15 a Afrilu ta sauko kusa da 10 kafin ƙarshen Mayu, direbobin trotro ma sun rage kashi 15 a kuɗin mota. Kaza da shinkafa da man da kuke saya da dala, allonku bai ji labari ba.

Abin da nake nema a wurinku bai fi ƙarfinku ba. Ku cire takardar nan daga ƙofar kowane reshe yau, ba sai an yi taro ba. Idan kuna son mayar da ita, ku ware tukunyar suya da kayan aikinta, ku rubuta naman da ke cikin kowane sosej a allo, ku kawo wata hukumar Musulmi da aka sani ta duba kicin da sito ta sa hannu, a rubuta sunanta da ranar da ta zo. Ofishin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ba ɓoyayye ba ne, a nan Kumasi ma akwai limamai da sarakunan zango da za su nuna muku wanda ya dace. Ku koya wa ma'aikatanku amsar tambayar nan, don ba daidai ba ne a bar yarinya ta tsaya gaban dattijo tana rawar murya kan abin da ba ita ta yanke ba. Allon farashi kuma ya nuna abin da zai fita daga aljihu.

Kuɗin abincin ranar ba na so a mayar min, na yafe. Amsa nake so, a rubuce, a shafinku na Facebook inda kuka sa tallar azumi, don waɗanda suka ga waccan su ga wannan. Na riga na faɗa wa limamin masallacinmu abin da muka gani, ya ce a ba ku dama tukuna kafin ya yi wa jama'a magana, na kuma ga gaskiyarsa. Idan wata ya ƙare takardar tana nan man kuma bai rabu ba, zan kai rasit ɗina ofishin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, FDA, na nan Kumasi. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana tallar abinci ta hanyar da za ta yaudari mai saye a kan abin da ke cikinsa, kuma su ne masu ba ku takardar shaidar tsafta. Kawu ya ce zai raka ni, don shi ya ga kwandon da idonsa.

Naku,
Wani tela daga Aboabo, Kumasi