Ba Mu Yarda a Cire Masu Sauraro Daga Lissafi Ba

Zuwa ga Editan Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirinku na daren Asabar ɗin da ta wuce, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai da abin da baƙonku ya faɗa, ya kuma ƙara ɓaci da na ji mai gabatarwa ya bar maganar ta wuce bai ce masa kanzil ba. Baƙon ya ce idan ƙaramin gari ya zaɓi littafi guda domin jama'a su karanta tare, ba za a ce an yi nasara ba sai an ƙirga waɗanda suka riƙe littafin da hannunsu suka bi shi da ido daga farko har ƙarshe, su kuwa waɗanda suka zauna aka karanta musu, a cewarsa 'yan kallo ne, bai kamata a saka su cikin lissafi ba. Har da 'yar dariyarsa lokacin da yake faɗin haka. Ranka ya daɗe, wannan magana ba ta dace da bakin masani ba, balle a furta ta a gidan rediyo, inda duk wanda ke biye da ku da kunne yake biye da ku.

Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma bara ni da wasu abokan aikina da suka yi ritaya, tare da wasu samari da 'yan mata da suka gama sakandare, mun jagoranci karatun littafin Shaihu Umar na marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙaramin garin da muke zaune. Kwafin da muka iya tarawa bai taka kara ya karya ba, wasu ma bangonsu ya fita, an liƙe su da gam. Mafi yawan waɗanda suka riƙa zuwa ko dai ba su yi karatun boko ba, ko kuwa sun yi amma ido ya gaza. Idan aka bi ma'aunin baƙonku, to mu ba mu yi komai ba, mun ɓata lokacinmu ne kawai. Ina so ya ji abin da waɗannan 'yan kallon nasa suka yi.

Da muka iso inda guguwar rairayi ta faɗa wa ayarin Shaihu Umar a cikin sahara, yarinyar da ke karantawa ta bi wurin da sauri kamar tana karanta sanarwa. Sai wani dattijo da ya yi shekaru yana fatauci a ƙasashen hamada, wanda bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, ya ɗaga sandarsa ya ce, "'Yata, dakata, koma baya." Ya bayyana mana yadda sama ke yin ja kafin iskar ta iso, yadda ake durƙusar da raƙuma a juya musu baya ga iska, mutum ya lulluɓe fuskarsa da rawani ya lafe a jikin raƙuminsa, da yadda bayan ta lafa za ka miƙe ka tarar hanyar da ka biyo ta ɓace gaba ɗaya. Sannan ya ce ta sake karanta wurin a hankali. Ta sake, kuma a karo na biyu muryarta ma ta canza. Ni da na koyar da wannan littafi a aji shekara da shekaru, ban taɓa ganin wannan guguwa da idon zuciyata ba sai ran nan. To ina tambayar baƙonku, tsakanin ni mai takardar shaida da wannan dattijo, wa ya fi wani karanta wannan shafi?

Haka kuma muhawarar da ta fi zafi a duk zaman da muka yi, wata tsohuwa ce ta tayar da ita, ita ma ba ta karatu. Ta ce ita ba ta yarda da yabon da ake yi wa Abdulkarim ba, Balaraben da ya ɗauki Umar daga Kano ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗansa har ya zama babban malami. Ta ce a yabe shi da me, alhali a daidai lokacin da yake tarbiyyantar da yaron, uwar da ta haife shi tana can ta faɗa hannun masu cinikin bayi saboda nemansa, ana wucewa da ita daga hannu zuwa hannu har Murzuk, ba ta sake sa shi a ido ba sai a Tarabulus, inda ta rasu jim kaɗan bayan haɗuwarsu. Wasu suka ce ai ba Abdulkarim ne ya sace yaron ba, kuma ya kyautata masa. Ta ce wanda ya karɓi ɗan da aka raba da uwarsa, ko da zuma ya ciyar da shi, yana da hannu a kukan uwar. Aka yi ta ja-in-ja har dare ya yi, aka tashi ba a daidaita ba, kuma a zama na gaba mutane suka dawo da labaran da suka ji daga kakanninsu game da zamanin hare-haren kama bayi, labaran da wasu jikokin da ke zaune a wurin ba su taɓa ji ba, domin ba abu ne da ake faɗa haka kawai ba sai da dalili. Littafin ne ya zama dalilin. Wane jadawalin ƙididdiga ne zai nuna wa baƙonku wannan?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutumin da aka gabatar mana a matsayin masanin adabi ya manta yadda aka gina waɗannan littattafai tun asali. Shaihu Umar yana farawa ne da malami zaune a Rauta, almajiransa sun tambaye shi asalinsa, shi kuma yana ba su labari da baki suna saurare. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne ke ba da labarin yawace-yawacensa a gaban Koje Sarkin Labari. A Magana Jari Ce, aku ne ke zuba tatsuniyoyi ana sauraronsa. Shaihu Umar da Ruwan Bagaja sun fito ne daga gasar rubutun da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, tare da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi, a zamanin da masu karatun boko 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Marubutan sun san sarai cewa mutum ɗaya ne zai riƙe littafin, jama'a su kewaye shi su kasa kunne, shi ya sa suka rubuta jimlolin da ke da daɗi a baki. Haka dattawanmu suka gaya mana ana yi da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo bayan fitowarta a 1939. Yanzu kuma wani ya zo ya ce mai sauraro ba ya cikin lissafi.

Ko misalan ƙasashen waje da mai gabatarwa ya kawo ba su goyi bayan baƙon ba. Shirin karanta littafi guda tare da aka fara a birnin Siyatil na Amurka a 1998, wanda Cikago ta ɗauka a 2001, daga baya kuma ya bazu har ƙananan garuruwa, ba rabon littafi kaɗai ake yi a cikinsa ba. Ana karatu a bainar jama'a, ana tattaunawa, ana nuna fim, ana wasan kwaikwayo, domin a jawo har wanda ba zai taɓa zama shi kaɗai da littafi ba. A Kuba, tun daga 1865 masana'antun naɗa taba suke ajiye mai karatu da ke karanta wa leburori jaridu da manyan littattafai da babbar murya suna aikinsu. Babu wanda ya kira waɗannan mutane 'yan kallo.

Ba ina cewa iya karatu da ido ba shi da muhimmanci ba ne. Da ba shi da shi, da ban ƙarar da ƙuruciyata ina riƙe da alli ba. Amma baƙonku ya sa keya a gaba. Mu abin da muka gani shi ne, kunne ne ya jawo ido. Wani magini da ya riƙa zama a can baya, bayan mun kammala ya zo ya same ni a keɓe, cikin jin kunya, ya ce yana so a koya masa haɗa baƙi, domin ya gaji da jiran 'yarsa ta dawo daga makaranta kafin a sake karanta masa inda aka yi wa Makau, mijin uwar Umar, sharri a fada aka kore shi. Yanzu haka yana zuwa ajin manya da yamma, yana bin layi da yatsa yana motsa leɓe. Da mun tare shi a ƙofa tun ranar farko mun ce zaman na masu karatu ne, da har yau bai zo ba. Su ma samarin da suka riƙa karantawa, sauraron da ake yi musu ne ya gyara su, domin wanda ya san akwai dattijo mai sanda da zai ce masa koma baya, dole ya duba shafinsa tun a gida, ya san inda zai numfasa da inda zai ɗaga murya. A ƙarshe su da kansu suka shirya ɗan wasan kwaikwayo daga littafin, ba tare da yawancinsu sun san cewa Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasa a 1975, ko Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976 ba.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne, mutanen nan suna sauraron tasharku. Tsohuwar da na ambata ta ji shirin, kuma washegari ta aiko jikanta ya tambaye ni, wai ashe su ba a ƙirga su? Ban san amsar da zan ba ta ba wadda ba za ta zubar da mutuncin shirinku a idonta ba. Kun kuma ba wa duk wani jami'in da ake neman taimakonsa a irin wannan aiki hujjar da zai fake da ita, ya ce ai masana sun ce wannan ba karatu ba ne.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wani ƙorafin. Kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar masu magana ya yi ƙarfi ainun, har yakan danne maganar, musamman idan baƙo ta waya yake magana. Mu da kunnenmu ya fara nauyi muna shan wahala, kuma na tabbata ba ni kaɗai ke wannan kuka ba. Ku rage shi, ko ku cire shi gaba ɗaya a shirye-shiryen tattaunawa.

Buƙatata dai ita ce ku sake ɗaukar wannan batu a wani shiri nan kusa, ku gayyato baƙon nan ya dawo, amma a wannan karon ku zaunar da shi tare da ɗaya daga cikin waɗanda ya kira 'yan kallo, ku buɗe littafin a tsakaninsu, ku bar jama'a su ji. Dattijon da na ba ku labarinsa ya ce a shirye yake ya zo, in dai za a turo masa mota, domin ƙafarsa ba ta jure doguwar tafiya yanzu.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naku mai sauraro a kullum,
Wani tsohon malamin makaranta